Kwalejin Barewa: Daga Ginin Ƙasa A Katsina Zuwa Titin Gaskiya

Ina godiya ga kwamitin wannan mujalla da ya ba ni fili, musamman da yake wannan ce shekarata ta ƙarshe a difloma, wataƙila ma rubutuna na ƙarshe a nan ke nan.

Abin da ya jawo wannan rubutu wata tambaya ce da malaminmu na darasin zama ɗan ƙasa nagari ya jefo mana a samistar da ta wuce. Ana tsakiyar lakca, zafi ya ishi kowa, rabin aji na gyangyaɗi, sai ya ce: wace makarantar sakandare ce ta yaye mutum biyar da suka shugabanci Nijeriya? Kafin ya rufe baki aji ya ɗauka, "Barewa!" Har 'yan kujerar baya da ba a taɓa jin muryarsu ba sai da suka amsa. Ya ce madalla, ku lissafo su. Muka lissafo: Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Janar Yakubu Gowon, Janar Murtala Muhammad, Alhaji Shehu Shagari, da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa. Wani ya ƙara da Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa. Malam ya ce duk daidai ne, saura tambaya ɗaya: da aka kafa makarantar, me aka kafa ta ta koyar? Aji ya yi tsit. Wani ya ce mulki, wani ya ce aikin soja. Malam ya yi dariya ya ce mu je mu bincika, ba zai ba mu amsa a ɓagas ba.

To, na bincika. Amsar ita ce aikin koyarwa. Makarantar da muke yi wa kallon masana'antar shugabanni, asalinta makarantar koyon sana'a guda ɗaya ce, wato malanta. Tun da na gane haka na kasa daina tunanin abin, domin ya shafe mu, mu 'yan foli, fiye da yadda na zata.

Yadda aka faro a Katsina

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sun tarar da ƙasa cike da makarantun allo da na ilimi, amma babu masu boko da za su riƙe musu ofis. A Kudu makarantun mishan ne suka yi wannan aiki, a Arewa kuwa gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Saboda haka dole ita da kanta ta buɗe makarantu. A 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka raɗa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Daga nan aka shiga buɗe makarantun larduna. Sai matsala ta taso: ga azuzuwa, ga yara, amma wa zai koyar? Ba za a iya ɗebo Bature a sa a kowane aji ba, kuɗin ba zai isa ba.

Wannan giɓi ne aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina domin ta cike. Ta fara aiki a 1921, sannan Gwamnan Nijeriya na lokacin, Sa Hugh Clifford, ya yi bikin buɗe ta a watan Maris na 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Dalilan zaɓen Katsina guda biyu ne, kuma duka suna da ma'ana. Na farko, gari ne da ya yi suna da malanta tun ƙarnuka da dama, hasumiyar Gobarau ma shaida ce, don haka iyaye za su fi sakin jiki su tura 'ya'yansu can. Na biyu, layin dogo bai bi ta Katsina ba. Ana ganin nesa da jirgin ƙasa da hayaniyar kasuwanci zai sa yara su natsu su yi karatu. Ni da na karanta wannan sai na dubi wayar da ke hannuna na yi murmushi. Su jirgin ƙasa suke gudu kada ya ɗauke hankalin ɗalibi, mu kuwa namu jirgin a aljihu muke yawo da shi.

Amma wannan nisa ɗalibai ne suka biya kuɗinsa da ƙafafunsu. Ana zaɓo yara ƙalilan daga kowane lardi, daga Sakkwato, Barno, Bauci, Zazzau, Ilori da sauransu, kuma da yawansu a ƙasa suke zuwa. Tafawa Ɓalewa, wanda ya shiga a 1928, idan an yi hutu yakan taka daga Katsina zuwa Bauci, tafiyar da ta haura kilomita 400, wajen kwana goma a hanya. Ka tuna da wannan ranar da ka fasa lakcar ƙarfe takwas don ba ka sami adaidaita da wuri ba. Ni ma na sha yi, ba wa'azi nake muku ba.

Karatun shekara biyar ne, da Turanci ake koyarwa, kuma an matsa ƙwarai a kan iya furuci da magana a gaban jama'a, tunda wanda zai tsaya gaban allo dole a ji abin da yake faɗa. Ana kuma koyar da lissafi, tarihi, labarin ƙasa, Larabci da addini. Masu jin tsoffin jawaban Tafawa Ɓalewa suna mamakin tsabtar Turancinsa, to ga inda aka sassaƙa shi.

Ginin da ya fi ba ni mamaki

A nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri, fannina ne. Fasahar gine-gine nake karantawa, kuma a hutun da ya wuce na je Katsina na ga tsohon ginin kwalejin da idona. Yana nan har yanzu, an mai da shi gidan adana kayan tarihi. Kafin in je, a raina na ɗauka zan ga wani katafaren bene irin na Turawa. Sai na tarar da ginin jar ƙasa irin namu na gargajiya, mai katangu masu kauri.

Abin da na fara lura da shi sanyi ne. A waje rana tana dukan mutum kamar ta tsaga kai, ina shiga ciki sai na ji iska ta canza, ba fanka ba na'urar sanyaya ɗaki. Mun yi wannan a aji, amma ban fahimce shi sosai ba sai ranar. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali. Kafin zafin ya ratsa ta ya iso ciki, yamma ta yi, gari ya fara hucewa. Da dare kuma sai ta riƙa sakin ɗumin da ta tara, abin da ke da amfani lokacin hunturu. Kwatanta wannan da aji mai bulo inci shida da kwanon rufi ba silin, wanda da ƙarfe sha biyu ya zama tanda. Malami yana magana, kai kana fifita da littafi, babu abin da ke shiga.

Irin wannan gini yana da ƙa'idojinsa da magina suka gada kaka da kakanni. Ana cuɗa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a yi tubali a shanya, a jera shi da laka. Rufi kuma da azara ake yi, itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba. Da yake azara tana da iyakar tsawon da za ta ɗauki nauyi, idan ana son ɗaki mai faɗi sai a yi baka, a ɗaure azara a lanƙwasa daga bango zuwa bango. Ana yaɓe da makuba don ruwa ya zame, a sa indararo ya zubar da ruwan sama nesa da jikin bango. Sai dai sharaɗinsa guda ne: yana son kulawa duk shekara. Ka yi sakaci da yaɓe damina biyu ko uku, ka dawo ka tarar da tsibin ƙasa. Ginin da ya haura shekara 100 yana tsaye, to ka san hannaye da yawa sun yi ta bin sa da gyara. Mu da ake koya wa zane da lissafin kankare, da wuya ka ji an ware mana lokaci mai tsawo a kan kula da gini bayan an gama shi, alhali a nan ne yawancin gine-ginen gwamnati suke mutuwa.

Ina suka tafi bayan sun gama?

Aji suka koma. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koma koyarwa a Midil ta Sakkwato, sai a 1934 aka naɗa shi hakimin Raba. Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Midil ta Bauci, ya yi ta koyarwa har ya zama hedimasta. Kashim Ibrahim, wanda daga baya ya zama Gwamnan Jihar Arewa, shi ma da malanta ya fara a Barno. Na bayansu ma haka: Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci, Shehu Shagari ya koyar da kimiyya a Sakkwato. Babu wanda aka miƙa wa digiri a cikinsu ranar da ya bar makarantar. Takardar shaidar sana'a suka fita da ita, suka kuma yi sana'ar shekara da shekaru kafin siyasa ta kira su.

Wani abin da ya burge ni shi ne gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa da Rupert East ya shirya a 1933. Cikin littattafai biyar da aka buga daga gasar, uku na mutanen wannan kwaleji ne: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda shi malami ne a kwalejin. Wato makarantar da aka matsa wa ɗalibanta da Turanci ita ce kuma ta ba da waɗanda suka aza harsashin ƙagaggen labari na Hausar boko. Duk mai cewa sai ka yar da harshenka kafin ka iya na wani, ga amsarsa.

Kun san ciwon da ke damun ɗan foli. Ka je biki a tambaye ka ina kake karatu, ka faɗa, a ce "Allah sarki, ba ka sami jami'a ba ke nan?" Ka gama ND ka yi HND, ka je neman aiki a nuna maka bambanci da mai digiri. Ni kaina na shigo nan ne bayan na nemi jami'a sau biyu ban samu ba, kuma na yi samista guda cur ina jin kamar a ɗakin jira nake zaune. Da na ga cewa mutanen da hotunansu ke jikin kuɗinmu daga makarantar koyon sana'a suka fito, wallahi sai na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina.

Amma kada in yaudare ku, kwatancen yana da iyaka. Su 'yan ƙalilan ne a ƙasa mai miliyoyin mutane, duk wanda ya fito aiki na jiransa, ba shi da abokin takara. Mu kuwa dubbai ne muke fitowa duk shekara. Abin da za a iya ɗauka daga gare su bai wuce wannan ba: an koya musu abu ɗaya, sun iya shi da gaske, har ya zama ba a iya yi sai da su.

Ƙaura biyu, suna da yawa

Wajen 1930 an sake fasalin ilimi a ƙasar, aka kafa makarantun midil, ita kuma kwalejin aka ɗaga ta zuwa babbar kwaleji, aka shigo da darussan kimiyya domin ta samar da ma'aikatan lafiya, gona da ayyuka, ba malamai kaɗai ba. A wannan zamani ne Malam Sa'adu Zungur ya tashi daga Katsina ya tafi Babbar Kwalejin Yaba a Legas a 1934, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga can. Wannan Yaba ɗin kuwa ita ce magabaciyar kwalejin fasaha ta Yaba da aka kafa a 1947, wadda ake ɗauka uwa ga makarantu irin tamu. Ka ga ashe muna da dangantaka, ko da ta nesa ce.

Kimiyya tana son ɗakin gwaji, ruwan famfo da lantarki, kuma nisan da aka yaba a 1921 ya zama cikas. A 1938 aka mai da makarantar Kaduna, hedikwatar Arewa, ta zama Kwalejin Kaduna. A 1949 aka sake ɗauke ta zuwa Zariya, inda take har yau. Ta amsa sunan Sakandaren Zariya, ta amsa Kwalejin Gwamnati ta Zariya daga 1956, sai a 1971 aka sa mata Barewa, dabbar da ke jikin tambarinta. Tsoffin ɗalibanta ba sa gajiya da jawo karin maganar nan, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Takenta kuma da Larabci yake, "Man jadda wajada", wanda ya yi ƙoƙari zai samu.

Abin da ke cikin harabar Zariya

Makarantar tana kan Titin Gaskiya, wanda ya samo sunansa daga kamfanin ɗab'i na Gaskiya, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da Abubakar Imam ya yi wa edita tun daga 1939. Wani abokina ɗan ajinmu, tsohon ɗalibin can, shi ya zaga da ni. Makarantar kwana ce ta maza, a ƙarƙashin gwamnatin Jihar Kaduna, kuma fili ne makeke: azuzuwa, ɗakunan gwajin kimiyya, laburare, ɗakin cin abinci, masallaci, gidajen malamai da filayen wasa, duk a cikin shinge ɗaya.

Gidajen kwanan ɗalibai su ne suka fi jan hankalina, domin sunayensu kaɗai darasin tarihi ne. Akwai Lugard da Clifford, gwamnoni biyu. Akwai Ɗan Hausa da Malam Smith, Turawan ilimi na farko. Akwai Bienemann da Mort, waɗanda suka shugabanci makarantar. Akwai Bello Kagara da Nagwamatse, malamai 'yan ƙasa. Daga baya aka ƙara gidan Ja'afaru, Sarkin Zazzau da makarantar ta tarar a kan gado lokacin da ta iso Zariya, da gidan Sulaimanu Barau, Sarkin Abuja ta da, wadda yanzu ake kira Suleja, shi ma tsohon ɗalibin Katsina ne. Na tambayi abokina ko ba ya jin wani iri a ce yaro Bahaushe yana kwana a gida mai sunan wanda ya ci ƙasar kakanninsa da yaƙi. Ya ce su dai a lokacin abin da ya dame su shi ne gidansu ya ci kofi. Na bar maganar a nan, amma ni har yanzu tana yi mini kai-kawo.

Tsarin gida-gida ba don kwana kawai aka yi shi ba. Ana gauraya yara daga garuruwa daban-daban da azuzuwa daban-daban a gida ɗaya, manya su kula da ƙanana, a yi gasar wasanni da tsafta tsakanin gidaje. Yaron da aka ba shugabancin gida yana ɗan shekara sha bakwai ya fara koyon raba aiki, sasanta rigima da ɗaukar laifin wasu. A haka Gowon, Kirista ɗan asalin ƙasar Angas da ya tashi a Wusasa, ya zauna da 'ya'yan Kano da Barno, ya tsare wa makaranta gida a ƙwallon ƙafa, ya kuma zama kyaftin ɗin dambe. Murtala kuwa yana cikin ƙungiyar horon soja ta ɗalibai. Daga wannan harabar hafsoshin Arewa na farko da dama suka fito, cikinsu har da Birgediya Zakariya Maimalari, wanda aka kashe a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, wanda kuma ya ci rayukan Sardauna da Tafawa Ɓalewa.

Sai wasan fayis, wanda da yawanmu ba mu taɓa gani ba. Fili ne mai bango uku, mutum biyu suna karawa da biyu, ana dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu ta bugi bango ta dawo. Daga Ingila malaman Turawa suka zo da shi, ya kama ƙasa a Katsina, Sardauna ya ƙware a kansa tun yana ɗalibi bai kuma daina ba har yana Firimiya. A Arewa da ƙwallon tanis ake bugawa, an ce saboda ƙwallon asali mai tauri tana ɓantare bangon ƙasa. Ni a matsayina na ɗalibin gini wannan ya ba ni dariya: ba a rushe bango don ƙwallo ba, ƙwallon aka canza don bango.

Akwai kuma wani abu da ba gini ba ne amma ya fi kowane gini daɗewa, wato rajista. Duk wanda ya shiga makarantar ana ba shi lamba, kuma lissafin bai yanke ba tun daga Katsina. Ahmadu Bello shi ne lamba 87, Tafawa Ɓalewa 145. An bar gari biyu, an canza suna sau da yawa, amma lamba tana ci gaba. Abokina ya ce a taron ƙungiyar tsoffin ɗalibai, BOBA, da lamba ake sanin babba da ƙarami, ba da muƙami ko mota ba. Ku dubi lambobin nan da kyau kuma: shekara bakwai bayan buɗewa, duk Arewa ba a kai ɗalibi 150 ba. Wannan shi ne ɗaya gefen labarin. An yi abu mai kyau amma an yi shi ɗan mitsitsi, kuma maza zalla. Sakandaren gwamnati ta 'yan mata ta farko a Jihar Arewa, Queen Elizabeth ta Ilori, sai a 1956 aka buɗe ta, shekara 35 bayan Katsina. Ratar da muke kuka da ita yau a ilimi, ta maza da mata da ta Arewa da Kudu, ba jiya ta fara ba.

Da muna fitowa daga harabar na tuna tawa sakandaren, ta jeka-ka-dawo, wadda ba zan kama sunanta ba. Mun haura tamanin a aji. Akwai ɗakin gwaji, amma shekara uku ban taɓa ganin an buɗe kwaɗon ba, a kan allo aka zana mana kwalaben gwaji muka haddace. Ƙarfe biyu kowa ya watse, babu filin wasa balle gida. Ban taɓa riƙe abin awo na gaske ba sai da na zo nan, ranar da aka shigar da mu wokshop aka ce kowa ya ɗauki magwaji da cokalin gini. Shi ya sa duk ƙorafin da muke yi, ranar aikin hannu ba na wasa da ita.

Mu 'yan ajinmu mun yanke shawarar zuwa Katsina mu ga tsohon ginin tare kafin a fara jarrabawa, mu biya ta Zariya idan hukumar makarantar ta ba mu izini. Mun kai wa shugabannin ƙungiyar ɗalibai takarda muna roƙon a taimaka mana da mota, mu kuma mu haɗa kuɗin mai. Ba 'yan sashenmu kaɗai ba, duk mai sha'awa ya ba wakilin ajinsa sunansa kafin ƙarshen wata. 'Yan gine-gine da 'yan safiyo, don Allah kowa ya taho da tef ɗinsa da littafin zane, domin wancan zuwan na manta nawa, da taku na auna tsawon ɗakin.